Makiyayiyar da Ta Kashe Garkenta da Hannunta

Kafin masu shara su gama da barandar ƙasa ta riga ta iso. Ba ta da doguwar gaisuwa. Ta ɗaga wa maigadi hannu, ta hau matakala tana dafa ƙarfe saboda ciwon gwiwa, ta buɗe ɗakin ƙarshe, wanda tagarsa ɗaya ba ta rufuwa sai an tokare ta da katako. Ta rataye gyalenta a ƙusa, ta sa farar rigar da wuyanta ya ci wanki har ya fara zare, ta wanke hannu kamar wadda za ta karɓi haihuwa. Sannan ta buɗe akwatin ɗumi ta fito da 'yan farantai masu murfi, tana ɗaga kowanne zuwa haske tana dubawa.

Abin da ke cikin farantin, in ka gani, ka ce ɗigon kyandir ne a kan daskararren romo. Amma kowane ɗigo gari guda ne na ƙwayoyin cuta, irin waɗanda ke zama a cikin gyambo su hana shi warkewa. Sai ta kunna ɗan harshen wuta, ta ƙona bakin wata siririyar waya har ta yi ja, ta jira ta huce, ta taɓo ɗigo ɗaya ta shafa a sabon faranti mai sabon abinci. In ba a yi musu wannan ƙaura a kan kari ba, sai su cinye abin da ke gabansu su mutu cikin ƙazantarsu. Daga nan sunanta ya samo asali. Duk ma'aikatar binciken, daga mai shara har Farfesa, Makiyayiya suke ce mata. Garkenta ba ya kuka, ba ya ba da nono, ba a ganinsa sai da madubi, amma ta fi shekara ashirin tana binsa.

Ni direban ma'aikatar ne, a kan sitiyari na tsufa. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ba ni da halin yabon mutum, 'ya'yana shaida ne. Abin da ya haɗa ni da ita tukwanen iska ne. Ni ke ɗauko su daga wurin masu sayarwa, in mirgino su har ɗakinta, in ɗaure su da sarƙa a jikin bango. Abin da na gani da idona shi zan faɗa, wanda ban gani ba zan ce wa ya gaya mini.

Wata rana ina ɗaure wata tukunya, bayana yana amsawa, na ce mata, “Malama, wai wannan iskar da ke neman karya ni, me kuke yi da ita? An zana mata ƙoƙon kan mutum a jiki.”

“Sunanta naitirik oksayid,” in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba. “Kuma akwai irinta a jikinka, Baba Direba.”

“A'uzubillahi! Gubar?”

“Jikinka da kansa ke haɗa ta. In ƙwayar cuta ta shiga gyambo, akwai sojojin jini da ke haɗiye ta, su kulle ta, su feshe ta da wannan iskar. Iskar ta kama kayan numfashinta ta toshe, ta bi kayan aikinta tana ɓatawa.”

“To in haka ne, me ya sa ƙafafun mutane ke ruɓewa?”

Sai a nan ta ajiye wayar. “Don ita ma ba wawiya ba ce. Tana da hanci. Da ta ji ɗuriyar iskar kaɗan, sai ta ta da ma'aikatanta. Wasu su kama iskar su juya ta ta koma wani gishiri marar illa, wasu su bi suna gyara abin da ya lalace. In ka ba ta kaɗan yau, gobe ta jure mai yawa. Abin da muke nema a ginin nan ke nan: mu san yadda take kare kanta, mu san nawa za a ba ta ta kasa.”

Na ce, “Ashe kamar ɗan da ya saba da bulala.”

“Baba, kada ka fara karin maganar nan taka, ina da aiki.”

Haka take. Ba ta raina mai tambaya, kuma ba ta ba shi kujera.

Yanzu bari in faɗi yadda aka yi garken ya zama nata. A ƙa'idar aikinsu, ƙwayar da aka ɗebo daga jikin marar lafiya a babbar firiza ake ajiye ta, mai sanyin da ke ƙona hannu, ta yi barci yadda aka kawo ta, sai ranar da ake buƙata a ta da kaɗan. To, wata shekara aka yi ta fama da wuta, janareta ya gaji, firizar ta mutu. Aka rubuta, aka jira, aka sake rubutawa, abin gyara bai zo ba. Ɗaki ɗaki aka riƙa zubar da ajiya. Na ga manyan mutane masu furfura suna tsaye a bakin ƙofa hannu a ƙugu kamar an yi musu gobara.

Ita ba ta zubar ba. Ta ta da nata daga barci, ta ce tunda babu sanyi, za ta raya su da hannu. Daga nan aka shiga ƙaura daga faranti zuwa faranti, babu hutu. Ranar da kowa ke gida tana nan. Da aka yi yajin aiki aka garƙame babbar ƙofa, maigadi ya gaya mini ta ƙaramar ƙofar baya take shigowa, tana ba shi haƙuri kamar ɓarauniya. Na taɓa ɗauko ta daga gida zazzaɓi na kaɗa ta, ta yi aikinta a zaune, na mayar da ita tana rawar sanyi. Shekarar da mijinta ya rasu ma, ba ta bari sun kwana da yunwa ba: ta kwatanta wa wata abokiyar aiki komai dalla-dalla, tana daga zaman makoki tana aiko da tambaya.

Shekaru suka ja kafin sabuwar firiza ta zo. Da ta zo, babu abin sawa a ciki sai garken Makiyayiya. Daga gare shi kowa ya ɗiba. Duk binciken da aka yi a benen nan bayan wannan, a kan ƙwayoyinta aka yi shi. Aka yabe ta a taro, aka tafa mata, ta sunkuyar da kai ta koma ɗakinta.

Makiyayiya, ke ce wadda ba ta san ranar hutu ba. Amma in da don wannan ne kawai, da ban wahalar da idona ina rubutu ba. Masu haƙuri da aiki suna da yawa, na binne wasunsu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yana gaba.

Farfesa mutumin kirki ne, mai yawan tari da ƙarancin magana. Rabin rayuwarsa ya kashe a kan abu ɗaya: wani bandeji da ke sakin iskar nan a hankali a kan gyambo, don ya taimaki jikin da ya gaza haɗa tasa, musamman na masu ciwon suga. Wuyar abin ita ce awo. In iskar ta yi yawa ta ƙona naman mutum, in ta yi kaɗan ƙwayar ta yi mata dariya. Ya gwada a kan garken Makiyayiya shekara da shekaru, kullum amsa ɗaya: ɗan awo kaɗan ya isa, ƙwayoyin na mutuwa kamar an zuba wa tururuwa ruwan zafi. Aka kai maganar sama, aka duba, aka ba da izinin a fara gwadawa a kan mutane a babban asibiti. Ranar da labarin ya zo, Farfesa ya yi dariya har na ga haƙoransa na ciki, abin da ban taɓa gani ba. Lokacin saura 'yan watanni Makiyayiya ta yi ritaya. Aka ce za a sa sunanta cikin masu aikin, karo na farko a rayuwarta, kuma za a yi mata taron sallama irin wanda ba a taɓa yi wa ƙaramin ma'aikaci ba.

Tana da yaya, tela ne, shagonsa na bakin wani layi mai kwata a tsakiya. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya ɗinka mata rigar makaranta ta farko. Har ta yi furfura Auta yake ce mata. Suga ya kama shi, gyambo ya fito masa a ƙafar dama, wadda yake taka keken ɗinki da ita. Likitoci suka ce a yanke yatsu tun abin bai hau ba. Ya ƙi. Na sha kai ta wurinsa bayan an tashi aiki, in zauna a benci ina jinsu.

“Su yanke wa? Ni? Ga Auta ta dafa magani a ofis, sai in ba su ƙafata su yi wasa da ita?”

“Yaya, ba ni na dafa ba, Farfesa ne.”

“Farfesan me? Wa ke ba tsutsotsin abinci? Ke dai ki ce su sa ni a sahun farko, in nuna musu yadda ake warkewa.”

Matarsa, mace mai baki kamar reza amma mai kula da shi, takan ce, “Ai mu mun huta, muna da likita a gida. Likitar da ba ta taɓa yi wa kaza allura ba.” Su yi dariya su duka uku.

Aka kuwa sa shi cikin waɗanda za a fara da su.

Babu wanda ya sa ta yin abin da ta yi daga nan. So ne kawai. Ta so ta gani da idonta yadda iskar za ta kashe ƙwayar da ke cin ƙafar yayanta, ta je ta ba shi labari ya ji daɗi. Ta nemi izinin likitansa, aka shafo mata ruwan mikin a ɗan tsinke mai auduga, na kai ta na dawo da ita. Ta raya ƙwayar, ta tabbatar irin tata ce, dangi ɗaya. Ta jera su gefe da gefe, ta ba su awon iskar da ke cikin bandejin.

Nata suka mutu. Na ƙafar Yaya suka yi tsit na ɗan lokaci, sannan suka ci gaba da yaɗuwa.

Ta ce ko hannunta ne ya kuskure, ta sake. Ta canja tukunyar iska, ni na mirgino mata sabuwa, ta sake. Ta koma asibiti ta roƙi na wasu majinyata, ta sake. A kwanakin nan ta rame, ta daina shan shayin da take haɗawa a kofin roba. Ban san abin da ke faruwa ba, na ɗauka ciwon yayanta ne ke cinta.

Wata rana da la'asar muna dawowa daga asibiti ta ce in tsaya. Na gangara ƙarƙashin wata bishiya kusa da masu faci, na kashe mota. Ta daɗe tana kallon akwatin farantan da ke kan cinyarta.

“Baba Direba, na shagwaɓa su.”

“Su wa?”

“Garken. Kayan kariyar nan da na gaya maka, kaya ne masu nauyi. Ƙwayar da ke cikin miki dole ta ɗauke su, don kullum ana feshe ta. Nawa kuwa suna ɗaki mai ɗumi, abinci na zuwa har baki, babu mai feshe su. Wadda kayanta suka lalace ba ta mutu ba, sai ma ta fi 'yan'uwanta sauri, tunda ba ta ɗauke da komai. Ta fi su girma, ta fi su kyau a faranti.” Ta dafa murfin akwatin. “Ni kuma duk ranar ƙaura, wadda ta fi ƙiba nake zaɓa. Ina ganin ita ce mai lafiya. Shekara da shekaru ina tsince ragwaye ina barin jarumai su mutu.”

Na ce, “To bandejin fa?”

“Ragwaye yake kashewa. A ƙafar mutum ba zai kashe komai ba. Ina ma tsoron ya zama ɗan abin da ke ta da ƙwayar daga barci ta ƙara shiri. Su kuma majinyatan za su zauna suna jira, suna ƙin wuƙa, abin na hawa.”

“Wa ya sani?”

“Ni. Yanzu da kai.”

Ban yi karatu mai zurfi ba, amma na daɗe a ma'aikata, na san yadda ake binne abu. In ta yi shiru, za a yi gwajin, ya ƙi aiki, a ce ai haka magani yake, yakan yi a faranti ya ƙi a jiki. Kafin nan ta yi ritaya da tafi da hoto a bango. Babu mai hawa bene ya tuhumi tsohuwar da ta ceci ajiyar ma'aikata. In kuma ta buɗe baki, aikin Farfesa ya zube, na ɗalibai ya zube, laifin kuma ba shi da wani gida sai nata. Sannan ta je ta tsaya gaban yayanta ta ce masa babu magani.

Masu faci suna ta buga ƙarfe. Wani mai sayar da ruwa ya leƙo taga, na kore shi. Ina da maganganu cike da baki, amma na ga wannan ba wurinsu ba ne. Na ce kawai, “Malama, gida ko ofis?”

Ta share fuska da gefen gyale. “In na je gida na kwanta da shi, gobe zan samo dalilin yin shiru. Na san kaina. Mu koma ofis.”

Ni na riƙe mata akwatin muka hau, saboda ciwon gwiwarta. Farfesa na shirin tashi, jakarsa a hannu. Ta jera masa farantan a kan tebur, nata a hagu, na asibiti a dama, ta faɗi abin da ta faɗa mini, ba ta rage ba, ba ta sa wa firiza ko janareta laifi ba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

“Malama, kin san shekara nawa ke kwance a kan teburin nan?”

“Na sani, ranka ya daɗe. Ni na shafa su.”

“Ba za mu bari a sake dubawa a hankali ba, kafin maganar ta fita?”

“Na sake har na gaji. A sake, a sa wani ma ya sake. Amma a tsayar da asibiti yau. Akwai masu jiranmu da ruɓaɓɓiyar ƙafa.”

Ya ajiye jakarsa ya zauna. Can ya ce, a hankali, “Ni ma ya kamata in gwada da sababbi tun tuni. Amsar ta yi mini daɗi ne, ban so in taɓa ta ba.” Ya jawo waya ya kira asibiti. Wannan na shaide shi a kai, kuma zan shaide shi ko'ina.

Sai dai kowa ya san inda laifi ke sauka in ya faɗo daga sama. Aka kafa kwamiti. Farfesa ya faɗi nasa, amma a ƙarshe abin da ya zauna a bakin mutane shi ne, tsohuwar ɗakin ƙarshe ta lalata ajiya. Waɗanda suka tafa mata a da suka koma duban waya in sun haɗu da ita a matakala. Wata ɗaliba, matar aure mai goyo, wadda ta kusa gama babban digirinta a kan garken nan, ta zauna a baranda tana kuka. Makiyayiya ta je ta tsuguna gabanta, da wannan gwiwar, ta ce, “Ki yafe mini, 'yata. Ni na jawo miki.” Ɗalibar ta tashi ta bar ta a tsugune. Ban ga laifinta ba. Mai shara ce ta zo ta ɗaga Makiyayiya.

Wani ma'aikaci ya same ni ina wanke mota ya ce, “Ita ma dai da neman suna. Wa ya aike ta? Da ta bari ta tafi lafiya.” Na dube shi na ce, “Ƙafarka nawa?” Ya ce biyu. Na ce, “Shi ya sa.” Bai ƙara yi mini magana ba, ni ma ban yi kewarsa ba.

Na gida ya fi zafi. Na kai ta shagon Yaya washegari. Ta tsaya, ba ta zauna ba.

“Yaya, babu maganin nan. An tsayar. Ni na sa aka tsayar, kuma kuskuren nawa ne. Ka je a yi aikin tun bai wuce inda yake ba.”

Ya dube ta kamar bai santa ba. Matarsa ta fito daga ciki da kwano a hannu.

“Me na ji? Likitar gida! Wata nawa kina ce masa ya jira? Ya jira, ya jira, ƙafa ta yi baƙi, yanzu kin zo da hannu biyu ki miƙa shi ga mahauta? Ke da kika san ba ki iya ba, me ya kai ki?”

“Ban ce ya jira ba, Yaya ne ya...”

“Rufe mana baki! Da wa yake taƙama in ba ke ba?”

Akwai gaskiya a maganar. Yaya ya juya fuska bango ya ce, “Ku tafi, kuna tare mini haske.”

Saura garken. Aka yanke cewa a hallaka shi duka, na faranti da na firiza, don kada wani ya ɗiba bisa kuskure. Akwai wata tukunyar tururi a ƙasan bene, mai murfi kamar ƙofar jirgi, wadda ake dafa duk abin da ake so ya mutu. Farfesa ya ce a ba wani ya yi, a ɗauke mata. Ta ce a'a. Na taya ta sauko da su a kwanduna. Ta jera su da kanta, a hankali, ba ta jefa ko ɗaya ba. Ta rufe, ta murɗa, ta kunna, ta jawo kujera ta zauna tana kallon allurar zafi na hawa. Ɗakin ya cika da wari irin na dafaffen ƙashi.

Na ce, “Malama, ƙwayoyin cuta ne fa. Ba 'ya'ya ba ne.”

“Na sani, Baba. Amma ban taɓa daɗewa da kowa kamar yadda na daɗe da su ba.” Ta ɗan yi murmushin gajiya. “Kuma ba su yi mini ƙarya ba. Abin da na koya musu suka zama.”

Watannin da suka rage mata ba ta zauna zaman jiran sallama ba. Kullum muna hanyar asibiti, tana karɓo sababbin ƙwayoyi daga mikin majinyata, tana sa su a sanyi ranar da suka zo, kafin su ɗanɗani daɗin faranti. Ta raba ajiyar gida biyu, rabi a wani gini, don in wata firiza ta mutu wata ta rage. Wadda za ta gaje ta, ta zaunar da ita ta nuna mata komai, ta fi daɗewa a kan kuskurenta fiye da kan iyawarta. Na ji tana ce mata, “Kada kyan ɗigo ya ruɗe ki. Kuma lokaci lokaci ki shaƙa musu iskar, ki gwada su da na asibiti. Ranar da amsa ta yi miki daɗi da yawa, ranar za ki fi jin tsoro.”

Taron sallama ba a soke shi ba, ba a kuma yi shi ba. An dai daina maganarsa. Ranar ƙarshe ta fito da kwali ɗaya, Farfesa ya rako ta har mota yana tari, ya riƙe murfin motar ya daɗe bai rufe ba. Mai shara da maigadi suka yi mata addu'a. Shi ke nan.

An yi wa Yaya aiki. Jiran ya ci fiye da yatsu, rabin tafin ƙafar aka cire, amma an tsira da diddige. Makiyayiya kuwa ta kasa zuwa. Takan aika da abin da ya sawwaƙa, ta tambayi maƙwabta lafiyarsa, amma ƙafarta ba ta taka layin. Aka ɗauki lokaci a haka. Rannan sai ga saƙo wai telan na nemana. Na je na same shi a kan keke, ya karkace, yana koyon takawa da hagu, ɗinkin na tafiya kamar hanyar maciji.

“Kai ne direbansu ko? Je ka ɗauko mini yarinyar nan.”

Yarinyar da ta yi ritaya. Na je na ɗauko ta. Ta tsaya a bakin ƙofa, idonta a kan ƙafar da aka naɗe.

“Shigo mana, ko an ce miki ana kamuwa ne? Auta, tambaya ɗaya zan yi miki, kuma kada ki yi mini irin ta likitoci. Da kin yi shiru an ɗaura mini abin nan, da ƙafar ta tsira?”

“A'a, Yaya. Da ka ƙara jira. Da ta tafi har gwiwa, ko fiye.”

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da zura zare a allura har ya shiga. “To kukan me kike yi? Ni aka yanka, ke ke ɗingishi. Zauna ki riƙe mini bakin yadin nan, hagun nan ba ta da tarbiyya.”

Ta zauna ta riƙe. Matarsa ta kawo ruwa ta dangwarar a gabanta har ya fantsama, ta koma ciki. Har yau, in ji Makiyayiya, gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Ba kowane abu ke gyaruwa ba, na tsufa da sanin wannan.

Makiyayiya, ke ce wadda ta tono kuskuren da babu mai nemansa, ta ɗauko shi a cinya ta hau bene da shi. Ke ce kika zaɓi ƙafafun mutanen da ba su san ki ba a kan hotonki a bango. Ban ce ba ki yi kuskure ba. Kin yi, kuma babba, an sha wuya saboda shi. Amma na yi aiki da mutane masu yawa, na ga masu kuskure ba adadi, mai kai kansa ƙara kuwa ke kaɗai na gani. Na gode miki, a madadin waɗanda ke kwance a asibiti da ba za su taɓa jin labarinki ba. Allah Ya huce miki gajiya, Ya sassauta miki gwiwar nan.

Ku kuma da ke kan aiki yanzu, ko a ɗakin gwaji kuke, ko a gareji, ko gaban allo, ba na roƙonku ku zama marasa kuskure, ba za ku iya ba. Abin da nake cewa, ranar da kuka gano ɓarnar daga hannunku ta fito, kuma babu wanda ya gani, kada ku je gida ku kwana da ita. Ku juya mota.

Bandejin Farfesa an koma da shi farko, ana gwada shi da sabon awo a kan ƙwayoyi masu taurin kai. Yau ya yi, gobe ya ƙi. Ban san ko zai kai ba, ban san ko ni da Farfesa za mu ga ranar ba. Abin da na sani ɗaya ne: a duk asibitin nan babu wanda aka ɗaura wa ƙarya a kan mikinsa, kuma ke ce dalili.